Kafin Ka Ce “Halinsa Ne”: Yadda Ake Gane Abin da Ke Juya Ma'aikaci

Duk wanda ya taɓa riƙe mutane a wurin aiki, ko da yara uku ne a shago, ya san maganar nan: “Ai halinsa ne.” Da ita ake rufe zancen telan da ba ya cika alkawari, da malamar makarantar da ta fara makara, da yaron kantin da ke ɗaure wa masu saye fuska. Tana da daɗin faɗa, domin tana sauke wa maigida nauyi. Tunda hali zanen dutse ne, to sai dai haƙuri ko sallama.

Sai dai abin da muke tarawa wuri guda mu kira hali, in an tsefe shi, abu uku ne, kuma kowanne da yadda ake bi da shi. Akwai halin da mutum ya taso da shi: mai surutu ne ko shiru-shiru, mai tsari ne ko mai watsi da kaya, mai saurin hawa ne ko mai sanyin zuciya. Wannan ba kai za ka canza shi ba, wurin da ya dace da shi za ka nema masa. Akwai abubuwan da yake girmamawa, waɗanda ba ya wasa da su, kamar mutuncinsa da addininsa da iyayensa. A kan waɗannan sai dai ku daidaita, ko ku rabu. Sannan akwai karsashin aiki, mai hawa da sauka, wanda mafi yawansa a hannunka yake, kai mai ba da aikin. Wanda ya cakuɗa ukun nan zai yi ta ƙarin albashi ga mutumin da mutuncinsa aka taɓa, ko ya yi ta wa'azi ga wanda kuɗin mota ne ya gagare shi.

Matakan da ke tafe na mai shago ne, da shugaban makaranta, da Hajiya mai gidan abinci, da duk wanda aka ɗora a kan wasu a ofis. A bi su a jere. Kowa yana ɗokin mataki na uku, amma galibin matsaloli a na farko da na biyu suke ƙarewa.

Mataki na farko: rubuta abin da ya faru, ba abin da ka ji a ranka ba

Samu ƙaramin littafi, irin na rubuta bashi ma ya isa. Tsawon mako biyu ko uku, duk sanda ma'aikacin ya yi abin da ya dame ka, rubuta rana da lokaci da ainihin abin da ya faru. Sharaɗi ɗaya ne: ban da siffantawa. “Malalaci ne” ba abin rubutawa ba ne. Abin rubutawa shi ne, “Litinin, ya iso goma saura kwata maimakon takwas. Laraba, rigar da aka ce a gama da azahar har la'asar ba a sa mata maɓalli ba.” Ka rubuta na kirkin da ya yi ma, don ido ya fi saurin kama laifi.

Wannan wahalar tana da dalili. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wata karkata a tunaninmu, wadda Lee Ross na Jami'ar Stanford ya yi fice da bayaninta a 1977: in wani ya yi kuskure, mukan ɗora shi a kan halinsa, mu manta da yanayin da yake ciki. Mu kuwa in mun makara, ai cunkoson hanya ne. Littafin shi ke hana ka yanke hukunci da zafin rana ɗaya.

Bayan makonnin, karanta abin da ka tara kamar wani ne ya rubuta shi. Sau da yawa wani zare zai fito. Makarar ta ranar Litinin ce kaɗai? Wataƙila ƙauye yake tafiya duba iyaye a ƙarshen mako. Faɗan da abokin aiki ɗaya ne kullum? To ba mafaɗaci ba ne, akwai wata a ƙasa tsakaninsu. Aikin yana yin sanyi daga ashirin ga wata? Aljihunsa ne ya bushe.

Mataki na biyu: binciki wurin kafin ka binciki mutumin

Tun 1936 masanin halayyar ɗan Adam Kurt Lewin ya taƙaita maganar: abin da mutum ke aikatawa yana fitowa ne daga haɗuwar shi kansa da muhallin da yake ciki. Don haka yi wa kanka tambaya biyu. Da ma haka yake tun zuwansa, ko daga baya ya sauya? Sannan, wanda ya riƙe gurbin kafinsa, shi ma haka aka yi ta kuka da shi? Hali ba ya sauyawa cikin wata biyu. In mutum ya shekara uku yana aiki lafiya sannan ya juye, wani abu ne ya faru, a gida ko a nan. In kuma mutum uku sun zauna a kujera ɗaya kowanne an kira shi malalaci, kujerar za a duba.

Abubuwan dubawa ba su da wuyar gani. Keken ɗinkin da ke tsinke zare, da janareton da ba a ba da kuɗin mansa sai an yi roƙo, suna mayar da mai himma mai gyangyaɗi. Umarni daga baki biyu ya fi su ɓarna: maigida ya ce a yi kaza, ƙaninsa ya shigo ya ce a'a, yaro ya koyi cewa tsayawa cik ya fi masa tsira. Akwai kuma kuɗin hanya. Tun bayan cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, ma'aikacin da ke shiga adaidaita biyu kafin ya iso yana iya ƙarar da kaso mai tsoka na albashinsa a titi, wani ma sai ya taka rabin hanya da ƙafa.

Wanda aka fi mantawa shi ne rashin iyawa. An ba mutum kwamfuta ya shigar da ciniki, bai iya ba, kunya ta hana shi faɗa, sai ya riƙa kauce wa aikin da uzuri kala-kala. Daga nesa taurin kai ne. Zauna kusa da shi ka ce ya yi a gabanka sau ɗaya, za ka gane cikin minti biyar.

Mataki na uku: karanta halinsa, ka ajiye shi inda halin zai yi maka aiki

In ka gyara abin da ke wurin kuma matsalar tana nan, kuma da ma haka yake tun fil azal, yanzu ne ka iso ga hali.

Ma'aunin da ya fi karɓuwa a wurin masu bincike shi ne wanda ya tattara halin mutum a kan ginshiƙai biyar, wanda sunayen Lewis Goldberg da Paul Costa da Robert McCrae suka fi fitowa a kansa. Na farko tsari da riƙon aiki. Na biyu son shiga jama'a. Na uku sauƙin kai da son zaman lafiya. Na huɗu natsuwa, ko kishiyarta saurin damuwa. Na biyar son sabon abu. Ba gida-gida ake raba mutane ba. Kowa yana da kasonsa a kowane ginshiƙi, kuma galibin jama'a a tsaka-tsaki suke. A 1991 Murray Barrick da Michael Mount suka haɗa sakamakon bincike sama da ɗari, suka tarar cewa a cikin biyar ɗin, tsari da riƙon aiki ne ke tafiya da nagartar aiki a dukkan rukunin sana'o'in da suka duba, daga 'yan sanda har manajoji. Son shiga jama'a kuwa ya fi amfani a aikin sayarwa da na shugabanci. Alaƙar ba mai ƙarfi ba ce can, wato hali yana da nasa kaso amma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba.

Ɗauki kantin magani mai ma'aikata biyu. Ɗaya tana gaisawa da kowace tsohuwa har ta tambayi jikoki, ta san mai sayen maganin hawan jini da mai sayen na ciwon suga, amma in ka buɗe littafin kaya sai ka tarar kwana uku ba a shigar da komai ba. Ɗayan da ƙyar ake jin muryarsa, amma shi ne zai zo ya ce, “Maigida, kwalin nan saura wata biyu wa'adinsa ya cika, gara a fito da shi gaba.” Maigidan da bai gane ba zai shekara yana yi wa ta farkon faɗan littafi, yana yi wa na biyun faɗan rashin fara'a, kowa ya ƙosa. Wanda ya gane zai bar mata kantar sayarwa, ya ba shi sito da lissafi. Abin da ya rage na rubutu a wajenta a sauƙaƙa shi: takarda ɗaya, a cike kafin a rufe kanti, a miƙa wa abokin aikinta.

Kowane hali yana da ranarsa. Mai gardama, wanda ba ya jin nauyin cewa a'a, yana da wuyar zama, amma shi za ka tura karɓar kaya daga dillali, shi za ka tura bin bashi. Mai “to, Maigida” a kan komai yana da daɗin sha'ani, amma kada ka dogara da shi wajen jin mummunan labari, domin zai ɓoye maka ɓarna don kada ranka ya ɓaci. Mai saurin damuwa ba ya son a auko masa da aiki bagatatan. Gaya masa tun jiya, sai ka sha mamakin tsabtar aikinsa, don damuwar ce ke sa shi dubawa sau biyu. Mai son sabon abu kuwa in ka ɗaure shi a kan ɗinki iri ɗaya zai fara latse-latsen waya. Ba shi sabon samfuri, ko ka damƙa masa tallan kaya a WhatsApp da Facebook.

A nan akwai tarkon da ya shafe mu musamman. Yaron da aka tarbiyyantar a kan kada ya haɗa ido da babba, kada ya yi magana sai an tambaye shi, zai yi shiru a gabanka ko da shi ne sarkin surutun unguwarsu. Ladabi ne wannan, ba hali ba. In kana son sanin gaskiyarsa, lura da shi a cikin tsararsa lokacin cin abinci, ko yadda yake da mai saye sa'ad da yake zaton ba ka nan.

Ka kuma sani cewa hana mutum wani gurbi ba raina shi ba ne. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa Abu Zarri ya nemi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi shugabanci, sai ya ce masa shi mai rauni ne, ita kuwa amana ce. Babu mai shakkar gaskiyar Abu Zarri da tsoron Allahnsa. Gurbin ne bai dace da shi ba. Mu kuwa mukan ɗauki telan da ya fi kowa hannu mu naɗa shi shugaban shago don lada, sai a yi asarar gwani a kuma samu shugaban da ba ya iya tsawatarwa.

Su kuma gwaje-gwajen intanet masu raba mutane gida goma sha shida da haruffa huɗu-huɗu, a yi su don nishaɗi. Mutum ɗaya kan sake gwajin bayan 'yan makonni ya faɗa wani gidan daban. Kada a ɗauki kowa aiki ko a sallame shi da su.

Mataki na huɗu: gano abin da ba ya wasa da shi

Baturen nan Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya, ya lissafa siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe a wani ɗan littafi da aka buga a 1974: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Tambayi kowane ma'aikaci, zai ce duk ya yarda da su, kuma ba ƙarya yake yi ba. Inda mutane ke bambanta shi ne ranar da biyu daga ciki suka yi karo, wacce ke rinjaye.

Telan da ya karɓi shaddar maƙwabcinsa ana saura kwana uku sallah, alhali ya san ɗinki ya kai masa wuya, ba lallai ne maƙaryaci ba. Kunya ce ta rinjayi gaskiya. Yaron kantin da ya ba ɗan baffansa kaya bashi ba da izini ba, zumunci ne ya rinjayi amana, kuma a ransa yana jin abin kirki ya yi. Faɗa ba ya warware irin wannan, domin kana neman ya zama marar kunya ko mai yanke zumunci ne a idon mutanensa. Abin da ke aiki shi ne ka ɗauke masa nauyin yanke hukuncin. Rubuta a bango cewa daga sha biyar ga azumi an rufe karɓar ɗinkin sallah, kuma ba a ba da bashi sai da sa hannun maigida. Yanzu yana da abin faɗa ba tare da ya zubar da fuskarsa ba: “Wallahi Baba dokar shago ce, ba ni da iko.”

Ta yaya za ka san abin da ya fi nauyi a wurin mutum? Ba ta tambayarsa kai tsaye ba. Lura da abin da ke fusata shi fiye da ƙima, da abin da yake neman izini dominsa, da abin da ya ƙi yi ko da akwai kuɗi a ciki. Dattijon da ya haƙura da jinkirin albashi wata biyu amma ya ajiye makulli ranar da ka daka masa tsawa a gaban yaran da ya haifi kamarsu, ya gaya maka komai. A wurinsa mutunci yana gaban kuɗi, kuma irinsa suna da yawa fiye da yadda masu gida ke zato.

Abin da za a iya tsarawa, a tsara shi tun kafin ya zama rigima. Lokutan salla da na Juma'a, ranar Lahadi ga ma'aikaci Kirista, rage awanni a azumi, kwana nawa ake bayarwa na rasuwa, da bambancin jana'iza wadda ba a shirya mata da biki wanda an san ranarsa tun wata guda. Doka ɗaya ga kowa, a faɗe ta a fili.

Ka kuma duba naka ɓangaren. Ma'aikata ba sa sauraren abin da kake cewa kana girmamawa, abin da kake yaba wa suke kallo. In kana wa'azin gaskiya da safe, da yamma kuma ka yi wa wanda ya sayar da tsohon kaya a matsayin sabo murmushi, an gama karatu. Mai tsoron Allah a cikinsu zai fara neman wani wuri, sauran su koyi darasin, kuma wata rana a kanka za su gwada shi.

Abu ɗaya ne ba a ciniki a kansa: wanda aka tabbatar yana taɓa kuɗi ko kaya. 'Yar dattijon Madyana, a ƙissar Annabi Musa cikin Suratul Ƙasasi, siffa biyu ta ambata ga wanda ya fi cancanta a ɗauka aiki, ƙarfi da amana. Ƙarfin ana iya ƙara shi da horo.

Mataki na biyar: nemo inda karsashin ya zube

A 1959 Frederick Herzberg da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon hirar da suka yi da injiniyoyi da akantoci kimanin ɗari biyu a yankin Pittsburgh na Amurka. Sun nemi kowa ya ba da labarin lokacin da ya ji daɗin aikinsa ƙwarai da lokacin da ya ji haushinsa ƙwarai. Sai amsoshin suka rabu biyu. Haushi ya fi fitowa daga tsarin kamfani, da mu'amalar shugaba, da yanayin wuri, da batun albashi. Jin daɗi kuwa ya fi fitowa daga kammala abu mai wuya, da yabo, da ɗora wa mutum nauyi, da ci gaba. Wato cire abin haushi bai isa ya kawo himma ba.

Ana yawan jawo wannan bincike don a ce kuɗi ba shi ne komai ba, kuma masu gida suna son jin haka. A yi hattara. Mutanen da aka yi hira da su ƙwararru ne masu albashi, ba masu lissafin kwanon masara ba. A wurinmu, fara da kuɗin. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a dokar da ta kai mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 a Najeriya. Dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma kasuwa ba ta tambayar mai cefane yawan abokan aikinsa. In ba ka iya biyan da yawa, to biya a ranar da ka ce. Albashi kaɗan mai zuwa ran ashirin da takwas ba fashi ya fi mai yawa wanda sai an yi ta sintiri, domin da na farkon mutum yana iya yi wa mai kanti da mai haya alkawari. Hadisin Ibn Majah na a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe kowa ya haddace shi. Aiki da shi ne ya yi ƙaranci.

Bayan yawan kuɗin sai adalcinsa. J. Stacy Adams ya nuna tun shekarun 1960 cewa ma'aikaci ba albashinsa kaɗai yake dubawa ba, yana auna wahalarsa da ladansa ne a kan na abokin aikinsa. In ya ga ɗan'uwan maigida yana zuwa sha ɗaya yana karɓar daidai da shi, ba zai yi magana ba. Zai rage aikinsa ne a hankali har lissafin ya daidaita a ransa. Kuma kada ka yaudari kanka cewa albashi sirri ne. Sun san na juna tun watan farko.

Yadda kake biya ma yana koyar da ɗabi'a. Biyan tela a kan kowace riga yana kawo sauri, yana kuma kawo aljihu a karkace. In haka kake biya, sa sharaɗin cewa gyaran abin da mai kaya ya dawo da shi a kan wanda ya ɗinka yake, ba ƙarin lada.

Sai an gama da wannan ake zuwa ga abin da Edward Deci da Richard Ryan suka gina nazarinsu a kai, cewa himmar da ke fitowa daga cikin mutum tana buƙatar abu uku: ya ji yana da ta cewa a aikinsa, ya ji yana ƙwarewa, ya ji shi ɗan gida ne. Duk ukun ba sa cin kuɗi sosai. Faɗi abin da kake so da ranar da kake so, ka bar masa yadda zai yi, maimakon tsayawa a kansa. Koya masa abin da bai iya ba, yankan babbar riga ko yadda ake sarin kaya. Je ka duba mahaifiyarsa in tana asibiti. Yabo kuma ya zama mai suna: “Wuyan rigar Alhaji da ka yi jiya ya zauna daidai” ya fi “sannu da ƙoƙari” sau goma.

Ga yaron shago a irin kasuwannin Kantin Kwari da Singa, babban abin da ke riƙe shi shi ne fatan wata rana maigida zai yaye shi da jari. Muddin yana hango ranar, zai yi dako, zai kwana a kan kaya. Ranar da ya ga wanda ya riga shi da shekaru har yanzu yana tsaye a bakin shago ba labari, karsashinsa ya tafi, kuma daga nan ne wasu ke fara yaye kansu da kansu daga aljihun maigida. In kana da niyya, faɗi lokaci da sharaɗi. In ba ka da ita, faɗa masa ya san albashi yake yi wa aiki.

Mataki na shida: zauna da shi

Ba a gaban mutane ba, ba kuma cikin fushi ba. Bayan la'asar in ciniki ya lafa, ko ka riƙe shi kaɗan bayan an tashi. In mace ce, a zauna inda ake hango ku amma ba a jin ku. A gaisa sosai, a tambayi gida. Sannan ka kawo abin da ke littafinka, ba siffa ba:

“Malam, na ga makon nan sau uku kana isowa bayan tara, kuma da ba haka kake ba. Lafiya dai ko?”

Amsar farko ka riga ka san ta: “Ba komai, Maigida. In sha Allahu za a gyara.” Kada ka karɓe ta ka tashi, kada kuma ka matsa. Yi shiru kaɗan, sannan ka sauƙaƙa masa hanya da tambayar da ba ta tuhumarsa: “In da abu ɗaya ne za a gyara a shagon nan don aikinka ya yi sauƙi, me za ka ce?” Mutum ya fi iya kukan keke da na wuta kafin ya iso ga na zuciya. Bar shi ya fara da su. In ya faɗi abin da ya shafe ka, kamar yadda kake masa magana, haɗiye, kada ka kare kanka a zaman. Ranar da ka yi gardama da amsar, ba za ka ƙara samun wata ba.

Wani ba zai taɓa buɗe baki a gabanka ba, komai dabararka. Nemi wanda yake sakewa da shi, babban ma'aikaci ko wanda ya kawo shi, ya jiyo maka. Wannan hanya ce da muka gada, kuma tana aiki, in dai ɗan aiken ba mai kai gulma ba ne.

Ku tashi da abu ɗaya da zai yi, da abu ɗaya da kai za ka yi, da ranar da za ku sake zama.

Mataki na bakwai: sauya abu ɗaya, ka ba shi wa'adi, sannan ka yanke

In ka sauya masa gurbi, ka ƙara kuɗi, ka kuma yi masa gargaɗi duk a mako ɗaya, ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Ɗauki wanda bincikenka ya fi nunawa, ka ba shi wata guda, kana ci gaba da rubutu. In an samu sauyi, faɗa masa ka gani. In ba a samu ba bayan ka cika naka alkawarin, to ka sauke hakkinsa, rabuwa ta halatta.

A rabu da mutunci. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi sanarwa gwargwadon daɗewa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. A biya shi duk abin da yake bi. Waɗanda suka rage suna kallon yadda ka sallame shi, kuma da shi suke auna tasu ranar.

Wajen cike gurbin, rage dogaro da hira. Binciken ɗaukar ma'aikata ya daɗe yana nuna cewa gwajin aiki na zahiri da tsararrun tambayoyi iri ɗaya ga kowa sun fi hirar kara-zube hasashen yadda mutum zai kasance. Ba tela yadi ya ɗinka, sa malami ya koyar da aji na minti ashirin, ba mai neman aikin kanti kuɗi da kaya ya yi lissafi a gabanka. Tambaye shi abin da ya taɓa yi, ba abin da zai yi ba: “Ba ni labarin ranar da mai kaya ya zage ka, yaya kuka ƙare?” An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi wani mai yabon mutum ko ya taɓa maƙwabtaka da shi, ko tafiya, ko cinikin kuɗi, da ya ce a'a, ya ce masa to bai san shi ba. Don haka in za ka nemi shaida, nemi ta wanda ya taɓa ba shi ajiya ko aiki, ba ta wanda suke gaisawa a masallaci kawai ba.

In kuwa ɗan'uwa ne aka kawo maka, ɗan yayarka ko ƙanin matarka, yi duk wannan har da ƙari. Zaunar da shi tare da wanda ya kawo shi, ka faɗi lokacin zuwa, da albashi, da wanda zai riƙa karɓar umarni daga gare shi, da watannin gwaji, da laifin da zai sa a mayar da shi gida. Sa wanda ya kawo shin ya amsa da bakinsa cewa ya ji, kuma a samu mutum na uku a wurin.